Darasi na 14: Linzami, Taga da Menu

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ku iya:

1. faɗin sunayen sassan kwamfuta da Hausa;
2. buɗe manhaja, da karanta menu, da adana aikinku;
3. rubuta baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, a kwamfuta;
4. ba da umarni da yin hani cikin daidaitacciyar Hausa.

Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015, duk ɗalibin da zai zauna jarrabawar JAMB ta neman shiga jami'a da sauran manyan makarantu a Nijeriya, a kan kwamfuta yake amsa tambayoyinsa. Tambayoyin 180 ne, lokacin kuwa awa biyu. Idan kuka raba minti 120 tsakanin tambayoyi 180, za ku ga rabon kowace tambaya daƙiƙa 40 ne. Ke nan ɗalibin da ya ɓata minti 10 yana neman inda zai danna, ya yi asarar lokacin tambayoyi 15, ko da kuwa ya san amsoshinsu. Bayan jarrabawa ma, da kwamfuta ake duba sakamako, da ita ake cika takardar neman gurbin karatu, da ita ake neman aiki a wurare da yawa.

Mutane da dama suna tsoron kwamfuta, domin suna zaton sai an haddace abubuwa masu yawa kafin a iya ta. A da can haka abin yake. Mai aiki da kwamfuta yakan haddace umarni, ya rubuta shi da hannunsa a kan allo, idan ya kuskure harafi ɗaya na'urar ta ƙi aiki. Amma daga shekarar 1984, lokacin da kamfanin Apple ya fito da kwamfutar Macintosh, da shekarar 1985, lokacin da kamfanin Microsoft ya fito da Windows, sai wata hanya mai sauƙi ta fara bazuwa cikin jama'a. Yanzu kwamfuta ce take jera muku abubuwan da za ta iya yi, ku kuma ku zaɓa. Wannan jeri shi ake kira menu.

Saboda haka ƙa'idar darasinmu guda ɗaya ce: ku karanta abin da ke kan allo kafin ku danna. Misalanmu duk daga Windows muka ɗauko su, domin ita aka fi samu a makarantu da ofisoshinmu.

Sassa uku da za ku fara sani

Na farko shi ne allo. Shi ne gilashin da kuke kallo, inda rubutu da hotuna suke bayyana. Na biyu shi ne kibod, wato faifan da ke ɗauke da maɓallan haruffa da lambobi. Na uku shi ne linzami, ɗan ƙaramin abin nan da ake riƙewa da hannu ana zagayawa da shi a kan tebur.

Wani Ba'amurke mai suna Douglas Engelbart ne ya ƙirƙiro linzami. Na farkon da aka ƙera na katako ne, an kuma nuna wa jama'a aikinsa a birnin San Francisco a shekarar 1968. Turawa sun sa masa sunan ɓera, domin wayar da ke jikinsa ta yi kama da wutsiya. Hausawa kuwa suka dubi aikinsa. Kamar yadda mahayi yake juya doki da linzami, haka ku ma kuke juya kwamfuta da wannan ɗan abu.

Idan kuka motsa linzami, za ku ga wata 'yar kibiya tana motsi a kan allo. Kibiyar nan ita ce kamar yatsanku a cikin kwamfuta. A laftof, wato kwamfutar tafi-da-gidanka, akwai wani ɗan fili mai santsi a ƙasan kibod. Shafa shi da yatsa yana yin aikin linzami.

Yadda ake aiki da linzami

Ku ɗora tafin hannunku a bayan linzami. Manuniya ta zauna a kan maɓallin hagu, yatsan tsakiya a kan maɓallin dama. Ayyukansa shida ne:

1. Nuni. Ku kai kibiya kan abu, ku tsaya ba tare da kun danna ba. Sau da yawa wani ɗan rubutu yakan fito ya faɗa muku sunan abin ko aikinsa.
2. Danna sau ɗaya. Ku danna maɓallin hagu, ku saki. Da haka ake zaɓar abu, da haka kuma ake buɗe menu.
3. Danna sau biyu. Ku danna maɓallin hagu sau biyu da sauri, kada hannunku ya motsa. Da haka ake buɗe fayil ko folda.
4. Danna dama. Ku danna maɓallin dama sau ɗaya. Wani ɗan gajeren menu zai fito, yana nuna abubuwan da za a iya yi da abin da kibiya take kai.
5. Ja. Ku danne maɓallin hagu, ku motsa linzami ba tare da kun ɗaga yatsa ba, sa'an nan ku saki a inda kuke so.
6. Mirginawa. Ku juya 'yar tayar da ke tsakanin maɓallan biyu, shafi zai yi sama ko ƙasa.

Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne yawan dannawa. Idan kuka danna, kuka ga kibiya ta zama ɗan zobe mai juyawa, kwamfuta tana cikin aiki ne. Ku dakata mata. In kuka ci gaba da dannawa, za ta buɗe abu ɗaya sau biyar ko shida, ta ƙara nauyi. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa.

Fuskar allo da maɓallin Start

Bayan kun kunna kwamfuta, kun shigar da kalmar sirri idan akwai, abin da za ku fara gani shi ne fuskar allo. A kanta akwai ƙananan hotuna, kowanne da sunansa a ƙarƙashinsa. Alamomi ne na manhajoji da fayiloli. Manhaja ita ce shirin da aka tsara domin wani aiki na musamman. Misali, Word ta rubutu ce, Excel ta lissafi da jadawali, Chrome kuwa ta shiga intanet.

A can ƙasan allo akwai wani dogon layi mai nuna manhajojin da ke buɗe, da agogo a gefen dama. A kan wannan layi maɓallin Start yake, mai alamar taga mai gida huɗu. Tun shekarar 1995 aka fara sa shi a Windows. A Windows 10 yana kusurwar hagu, a Windows 11 kuwa an matso da shi wajen tsakiya. Shi ne ƙofar gida. Idan kuka danna shi, jerin manhajojin da ke cikin kwamfutar zai fito. In ba ku ga wadda kuke nema ba, ku fara rubuta sunanta a kibod, kwamfuta za ta nemo muku.

Taga

Duk manhajar da kuka buɗe, a cikin wani fili mai kusurwa huɗu take fitowa. Sunan wannan fili taga. A samanta akwai sunan manhajar da sunan fayil ɗin da kuke aiki a kai. A kusurwar dama ta sama kuma akwai maɓallai uku a jere, ku kula da su sosai.

Na farko ɗan gajeren layi ne a kwance. Yana sauke taga zuwa ƙasan allo, ba tare da ya rufe ta ba. Masu koyo da yawa sukan firgita a nan, su ce aikinsu ya ɓace. Bai ɓace ba. Ku duba dogon layin nan na ƙasa, ku danna alamar manhajar, taga za ta dawo yadda take. Na biyu ɗan akwati ne. Yana faɗaɗa taga ta cika allo, in aka sake danna shi ta koma girmanta na da. Na uku harafin X ne. Shi ne mai rufe taga gaba ɗaya.

Menu da alamominsa

Kalmar menu daga gidan abinci aka aro ta. A can, takarda ce mai jerin abincin da ake da shi. Mai saye ba ya bukatar sanin yadda ake dafa kowanne, dubawa kawai zai yi ya zaɓa. Haka menu na kwamfuta yake, sai dai abin da ke cikinsa umarni ne.

A saman taga za ku ga kalmomi a jere, yawanci da Turanci. Ga waɗanda za ku fi cin karo da su:

- File: nan ake buɗe sabon shafi, da buɗe tsohon aiki, da adanawa, da bugawa a firinta.
- Edit: nan ake yankewa, da kwafa, da liƙawa, da janye kuskure.
- View: nan ake sauya yadda shafi yake bayyana, a ƙara masa girma ko a rage.
- Insert: nan ake saka hoto, da jadawali, da haruffan da babu su a kibod.
- Help: nan ake neman taimako.

Daga shekarar 2007, manhajar Word ta sauya fasali. Maimakon jeri mai saukowa ƙasa, sai aka shimfiɗa umarnin a kan wani faffaɗan layi a saman taga, aka raba shi gida-gida. Ayyukan Edit suna ƙarƙashin kalmar Home. Fasali ne ya sauya, aikin yana nan.

Menu yana magana da alamomi, kuma sanin su yana hana ɓata lokaci. Idan rubutun umarni ya dushe, ya yi toka-toka, ba za a iya amfani da shi a lokacin ba. Misali, umarnin kwafa ba zai yi aiki ba sai kun zaɓi abin da za a kwafa. Idan kuka ga ɗigo uku a bayan umarni, kwamfuta za ta yi muku wata tambaya kafin ta aikata. Idan kuka ga 'yar kibiya a gefen dama, akwai wani ƙaramin menu a cikinsa. Idan kuma kuka ga alamar maki irin wadda malami yake sa wa amsar da ta yi daidai, abin a kunne yake.

Buɗe menu ba ya lalata komai. Kuna iya buɗe kowanne, ku karanta, ku fita. In kun buɗe wanda ba shi kuke nema ba, ku danna maɓallin Esc da ke kusurwar hagu ta saman kibod, zai rufe. A wayar hannu ma akwai menu. Yakan ɓuya a bayan layi uku a kwance ko ɗigo uku a tsaye.

Adana aiki

Wannan shi ne sashe mafi muhimmanci a darasinmu. Kwamfuta tana da wuraren ajiya iri biyu. Na farko ƙwaƙwalwar wucin gadi ce da ake kira RAM. Tana kama da allon aji, ana rubutu a kansa, an tashi a goge. Na biyu rumbun ajiya ne. Yana kama da littafinku na rubutu, abin da kuka sa a ciki yana nan har gobe. Duk abin da kuke bugawa a kibod, a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake zaune, har sai kun ba da umarnin adanawa. Idan aka ɗauke wuta kafin nan, kuma kwamfutar ba ta da batir, aikin yana iya tafiya. Manhajar Word takan yi ƙoƙarin ceto wani abu daga ciki, amma kada ku dogara da wannan. Rigakafi ya fi magani.

Ga yadda ake adanawa a karo na farko:

1. Ku danna File.
2. Ku zaɓi Save As.
3. Ku zaɓi foldar da za ku ajiye aikin, misali Documents.
4. Ku rubuta sunan da zai tuna muku abin da ke ciki, misali "Insha'in Hausa zango na biyu".
5. Ku danna Save.

Daga nan, duk bayan 'yan mintoci, ku riƙa danna Save kawai. Bambancinsu shi ne, Save yana zuba sabon aiki a kan fayil ɗin da kuke ciki, Save As kuwa yana ba ku damar yin wani fayil dabam, da sabon suna ko a sabon wuri.

Idan kuka danna X alhali ba ku adana ba, wani ɗan akwati zai fito da zaɓi uku. Save yana nufin a adana sa'an nan a rufe. Don't Save yana nufin a rufe, a zubar da duk abin da aka yi tun adanawa ta ƙarshe. Cancel yana nufin an fasa rufewa, a koma bakin aiki. A wannan akwati ɗalibai da yawa suke zubar da wahalar awa guda da dannawa ɗaya, don ba su tsaya sun karanta ba. Duk lokacin da akwati ya fito da tambayar da ba ku gane ba, ku zaɓi Cancel, ku tambayi malami.

Fayil da folda da kwandon shara

Kowane aiki da kuka adana ya zama fayil, ko rubutu ne, ko hoto, ko murya. Folda kuwa jaka ce da ake tara fayiloli a ciki. Don yin sabuwar folda, ku danna dama a wurin da babu komai, ku zaɓi New, sa'an nan Folder, ku rubuta mata suna. Yana da kyau kowane darasi ya sami foldarsa.

Idan kuka goge fayil daga rumbun kwamfuta, yakan tafi kwandon shara, wanda aka rubuta wa Recycle Bin a fuskar allo. Kuna iya buɗe kwandon, ku danna dama a kan fayil ɗin, ku zaɓi Restore, ya koma inda yake. Amma fayil ɗin da aka goge daga filash ba ya zuwa kwandon nan. Ku yi hattara da shi.

Gajerun hanyoyi

Umarnin da aka fi amfani da su suna da gajerun hanyoyi a kibod. Ana danne maɓallin Ctrl, sa'an nan a taɓa harafi ɗaya:

- Ctrl da S: adana.
- Ctrl da A: zaɓi duka.
- Ctrl da C: kwafa.
- Ctrl da X: yanke.
- Ctrl da V: liƙa.
- Ctrl da Z: janye abin da aka yi yanzu.
- Ctrl da P: buga a firinta.

Na shida ɗin nan abokin mai koyo ne. In kuka goge sakin layi guda bisa kuskure, kada ku firgita. Ctrl da Z za su dawo da shi.

A ɗakin jarrabawar JAMB ma ana iya amfani da kibod maimakon linzami. Haruffan A, B, C, D na zaɓar amsa ne, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa baya, S kuma na miƙa aiki. Kada ku taɓa S sai kun gama, kuma ku saurari bayanin masu kula da ɗakin.

Rubuta baƙaƙe masu lanƙwasa

Kibod ɗin da aka fi samu na Turanci ne, ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, kamar yadda ba shi da haruffa masu ɗigo a ƙasa na Yarabanci da Ibo. Amma barin lanƙwasa yana sauya ma'ana. Ku kwatanta: kasa da ƙasa, kafa da ƙafa, baki da baƙi, bari da ɓari, da da ɗa. Wanda ya rubuta "na ga baki" alhali baƙi ya gani, ya faɗi abin da bai yi nufi ba.

A manhajar Word akwai hanya biyu. Ta farko ta menu ce: ku danna Insert, ku zaɓi Symbol, sa'an nan More Symbols, ku nemo harafin a cikin jerin, ku danna shi sau biyu. Ta biyu ta lamba ce. Kowane harafi yana da lambarsa a tsarin duniya da ake kira Unicode. Ku ba da tazara, ku rubuta lambar, sa'an nan ku danne Alt ku taɓa X, lambar za ta rikiɗe ta zama harafi.

- ɓ: 0253, Ɓ: 0181
- ɗ: 0257, Ɗ: 018A
- ƙ: 0199, Ƙ: 0198

A Nijeriya ana rubuta 'y da ɗan waƙafi a sama, kamar a kalmar 'ya'ya. A Jamhuriyar Nijar kuwa ana rubuta shi da lanƙwasa, wato ƴ, lambarsa 01B4.

Kashe kwamfuta

In kun gama, ku adana aikinku, ku rufe tagogi. Ku danna Start, ku danna alamar wuta, ku zaɓi Shut down. Ku jira allo ya yi duhu kafin ku kashe soket. Cire waya daga bango alhali kwamfuta tana aiki yana iya lalata fayiloli.

Tattaunawa

Ku karanta wannan hira bibbiyu.

Ɗaliba: Allah gafarta Malam, aikina ya ɓace.
Malam: Subhanallahi! Me kika danna?
Ɗaliba: Wani ɗan layi ne a saman taga, sai na ga komai ya tafi.
Malam: Kwantar da hankalinki, 'yata. Dubi ƙasan allo. Me kika gani?
Ɗaliba: Na ga alamar Word.
Malam: To, danna ta sau ɗaya.
Ɗaliba: Alhamdu lillahi, ga shi ya dawo!
Malam: Madalla. Kin adana shi kuwa?
Ɗaliba: A'a, Malam, ina so in gama tukuna.
Malam: Kada ki jira sai kin gama. In aka ɗauke wuta yanzu fa? Adana shi maza, ki sa masa suna.
Ɗaliba: To, Malam. Na gode.
Malam: Ba komai. Matambayi ba ya ɓata.

Nahawu: umarni da hani

Kalmomin menu yawancinsu umarni ne. A Hausa, idan mutum ɗaya ake umarta, ana iya faɗin aikatau shi kaɗai: Buɗe! Rufe! Danna! Ana kuma iya sa wakilin suna a gabansa, kuma hakan ya fi taushi:

- Namiji ɗaya: Ka buɗe fayil.
- Mace ɗaya: Ki buɗe fayil.
- Mutane da yawa: Ku buɗe fayil.

Ana amfani da "ku" ga babban mutum ɗaya ma, don girmamawa. Wajen hani kuwa, sai a sa "kada" ko "kar" a farko: Kada ka goge. Kada ki rufe. Kada ku danna.

Ku lura da wasu aikatau da ƙarshensu yake sauyawa bisa ga abin da ya biyo baya. In babu abin da ya biyo, suna ƙarewa da -a. In suna ne ya biyo, suna ƙarewa da -i. In wakilin suna ne, suna ƙarewa da -e.

- Ga fayil, ku zaɓa. Ku zaɓi fayil. Ku zaɓe shi.
- Ga shafi, ku kwafa. Ku kwafi shafi. Ku kwafe shi.
- Ga folda can, ku nema. Ku nemi folda. Ku neme ta.

Aikatau irin su buɗe, rufe, goge, danna da adana ba sa yin wannan sauyi a rubuce.

Sababbin kalmomi

- adana: ajiye abu a inda ba zai ɓace ba.
- dushe: rage haske ko launi.
- kusurwa: inda gefe biyu suka haɗu.
- lanƙwasa: karkatar da ke saman wasu haruffa.
- liƙa: manna abu a wani wuri.
- manuniya: yatsan da ke kusa da babban yatsa.
- rikiɗe: sauya kama.
- rumbu: ɗakin ajiye hatsi, a nan, ma'ajin kwamfuta.
- wucin gadi: abin da ba na dindindin ba.

Tambayoyi

A. Ku amsa da cikakkun jimloli.

1. Me ya sa Hausawa suka kira linzamin kwamfuta da wannan suna?
2. Mene ne bambancin danna sau biyu da danna dama?
3. Me ake nufi idan rubutun umarni ya dushe a cikin menu?
4. Ku bayyana bambancin Save da Save As.
5. Me ya kamata ku yi idan akwati ya fito da tambayar da ba ku gane ba?
6. Wane fayil ne ba ya zuwa kwandon shara in an goge shi?

B. Ku cika gurbi da kalmar da ta dace.

1. Ku ______ hoton nan. (zaɓa, zaɓi, zaɓe)
2. Ga rubutun, ki ______ shi. (kwafa, kwafi, kwafe)
3. Ka ______ foldar Hausa. (nema, nemi, neme)
4. ______ ku cire waya kafin allo ya yi duhu. (Ba, Kada, Babu)

C. Ku mayar da waɗannan jimloli hani: Ka rufe taga. Ki goge fayil. Ku kashe kwamfuta.

D. Ku nemo karin magana uku da suka zo a cikin darasin nan, ku faɗi ma'anar kowanne, ku kuma kawo makamancinsa daga harshenku.

Aikin yi

Gani ya kori ji. A ɗakin kwamfuta na makarantarku, ku yi sabuwar folda mai suna "Hausa". Ku buɗe Word, ku rubuta jimloli biyar a kan garinku, kowace jimla da aƙalla kalma ɗaya mai ɓ ko ɗ ko ƙ. Ku adana aikin a cikin foldar, ku rufe taga, sa'an nan ku sake nemo fayil ɗin ku buɗe shi. Bayan haka, kowa ya zauna da abokin karatunsa, ɗaya yana ba da umarni da Hausa, ɗaya yana aikatawa, sa'an nan ku yi musaya.